Baitin da Na Gyara wa Ɗanasabe

Zuwa ga Husna, ruwan farko a busasshiyar gonata, inuwar tsamiyar Ƙofa, sanyin randa ranar zafi,

Bayan gaisuwa da fatan su Inna suna lafiya, yau na kammala shafin godiya na Rumbu, 'yar mujallarmu da nake ɗorawa a intanet duk ranar da sabis ya ga dama. Na gode wa kowa, ya hasken idona! Na gode wa mai labarin akuya, na gode wa mai waƙar taki. Na gode miki da zanenki, wanda in na zuba masa ido nake manta ban karya ba. Sannan na gode wa haziƙi, fasihi, Malam Ɗanasabe na Doguwa, wanda waƙoƙinsa suka tafi da zuciyarki. Da hannuna na rubuta fasihi, kuma hannun bai shanye ba.

Kin tuna ranar da ruwa ya tsare mu a Kwanar Dangora muna jiran mota? Kika ciro waya kika karanta min baitinsa, inda ya ce gero ba ya sunkuyar da kai sai ya cika, haka ma mai so. Idonki ya ciko, kika ce duk wanda ya iya faɗin haka ya san zuciyar mace. Ni kuwa ina ta gyaɗa kai kamar ƙadangare. Me zan ce? Husna, abin da Ɗanasabe ya turo shi ne kina da kyau kamar sabon babur. Ni na zauna na cire babur na dasa gero, ina tuna yadda kike sunkuyar da kai in an yabi zanenki. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi!

Kuma wa ya tura miki waƙoƙin ki yi musu zane? Ni! Wane irin manomi ne zai yi noma, ya girbe, ya sussuka, sannan ya ɗauka a ka ya kai rumbun maƙwabci? Yanzu ga shi ana cewa bayan kaka magabatansa za su je gidanku gaisuwa. Ina sonki, Husna, kuma ina tsoron rasa ki. Wannan ba shi da ado, don ba wanda ya gyara min.

Jiya fasihin ya turo sabuwar waƙa, ya ce in ɗan duba masa kamar kullum. Na yi alkawarin girmama basirarsa: za ta fito a shafin farko yadda ta zo, ko ɗigo ba zan taɓa ba. Ina roƙonki, ya tauraruwata, ki karanta ta a tsanake kafin ki ba Baffanki amsa kan zancen auren. A ciki ya kwatanta ki da injin ban-ruwa.

Naki har gero ya daina sunkuyawa,
Mujitaba, Kiru