Ni da Mijin Auta a Teburi Ɗaya

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigida da yara da jikoki. Allah ya sauwaƙe ciwon gwiwar nan, ya sa kaffara ne. Mu ma muna nan ƙalau. 'Yarmu Auta ta warware sarai bayan haihuwa, takwararki kuma ta fara gane mutane. In ta damƙi gemuna sai an yi da gaske take saki, uwarta na cewa halin mai sunan ne ta ɗauko.

Yaya, akwai maganar da ke damuna, ba kuma ta waya ba ce. Kin san an turo ni nan ne in wakilci ƙasarmu a zauren da ƙasashe ke tsara ƙa'idojin abinci da magani. Tun bara muke kan dokar madarar jarirai. Ke da kika tsufa a ɗakin haihuwa kin fi ni sanin yadda kamfanoni ke raba wa masu jego gwangwani kyauta, har nono ya ƙafe, sannan a bar uwa da saye ko tana da hali ko ba ta da shi. Rigimar duk a kan kalma ɗaya take: a rubuta wajibi ne a daina, ko a rubuta yana da kyau a daina. Na bi ofis-ofis, na sha shayin da ban yi niyya ba, har na tara ƙananan ƙasashe a bayan kalmar wajibi. Wadda ta fi ba ni wuya wakiliyar maƙwabtanmu ce, dattijuwar da muke kira Uwar Zaure. Ta ce an sha kai ta tsakiyar kogi a janye kwalekwale. Na yi mata alkawari ni ba zan janye ba.

Ana nan sai sakatariyata ta shigo da baƙi daga kamfanin madarar, masu aikin kamun ƙafa. Na ƙarshensu da ya shigo, Lauya ne, mijin Auta. Na san ya sami sabon aiki, har addu'a na sa masa, amma ban san inda aka nufa da shi ba. Ya zauna a gefen teburi, idonsa a kan takalminsa har aka tashi. Shugabansu kuwa, wani mai furfura da taushin murya, ya yi ta yabon masana'antarsu da ke can gida, da yawan magidantan da ke ci daga cikinta, da niyyarsu ta faɗaɗa ta. Ya ƙara da cewa wasu ƙasashen ma suna zawarcinsu. Duk da murmushi ya faɗa.

Ranar hutu Lauya ya zo gidana, ya durƙusa a bakin falo, na yi na yi ya hau kujera ya ƙi. Ya ce wallahi shi a zatonsa takardunsa aka gani aka ɗauke shi, sai a cikin mota ran nan ya gane surukinsa aka gani. Ya nemi a cire shi daga maganar, aka ce masa in ba ita ba, ba su da wani aikin da za su ba shi. Izinin zamansa a ƙasar nan a jikin aikin yake rataye, na Auta da jaririyar kuma a jikin nasa. Na ce masa ya je ya yi aikinsa, ni ma zan yi nawa, ba ruwan ofis da zumunci. Na faɗa da ƙarfin gwiwa, ina ganin kamar ragamar a hannuna take.

Ashe mutanen kamfanin sun riga ni zuwa can gida. Kafin mako ya zagayo Minista ya kira ni. Ya fara da yabo, tun daga nan na sha jinin jikina. Ya ce gwamnati ta sake shawara, a janye daga wajibi. Na kawo masa hujjoji, ya saurara har na gama, sannan ya ce ma'aikatan masana'anta suna iya tare ƙofar ofishinsa, jarirai ba sa iyawa. Na yi tunanin ajiye aiki, amma mataimakina zai karanta takardar janyewar da murna, ba abin da zai canja sai sunan mai karantawa. In na bijire, gidan 'yata ya girgiza. In na bi, a ce na sayar da ƙasashe saboda suruki. Gaba kura, baya sayaki.

Ranar zaman na danna makirfo na karanta abin da aka aiko mini. Wasu jimlolin na gane su, a takardar da kamfanin ya kawo mini na fara ganinsu. Ina tsakiyar karatu Uwar Zaure ta cire abin sauraron fassara daga kunnenta ta ajiye a kan tebur. Waɗanda na tara suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, aka sauya kalmar. A baranda ta tsayar da ni, ta ce ba ta ga laifina ba, ita ma tana da minista, amma ba za ta sake jingina ƙasarta da ni ba. Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Tun daga ranar Auta ba ta yi wa mijinta doguwar magana. In sun zo cin abinci, ƙarar cokali kawai ake ji. Abin da nake roƙonki ke nan, Yaya, tunda ke kika raine ta, ke take ji. Ki kira ta ki nuna mata yaron nan ba shi ya saƙa tarkon ba, faɗawa ciki ya yi kamar ubanta.

Na rubuta na nemi a mayar da ni gida. Amsa ta zo shekaranjiya: an ƙara mini wa'adi, wai ba wanda ya iya zama da kamfanoni kamar ni. Lauya ma an ƙara masa matsayi, an ɗora masa duk wata hulɗa da ofishinmu. Zama mai zuwa a kan magungunan yara ne, kuma kamfanin nasu ya riga ya nemi ranar ganawa.

Ki gaishe mini da maigida, da Kawu, da Gwaggo, da ƙanwarmu Malama da yaranta. Hajiya, uwar Auta, tana gaishe ki ƙwarai. In sun ji a rediyo an faɗaɗa masana'anta sun zo yi miki barka, ki karɓa kawai. In kuma Gwaggo ta tambayi yaushe zan dawo, ki ce mata ta ci gaba da addu'a, ni ma ban sani ba.

Naki ƙane,
Baban Auta