Kukana Kan Kiran Damagaram Daga Kibiya

Zuwa ga Shugaban Ofishin Kano na kamfanin wayar da nake riƙe da layinsa.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fata kana lafiya, da iyali, da ma'aikatanka baki ɗaya. Allah ya sa haka, amin.

Sunana Sa'adatu. A Zurgu ta ƙasar Rano aka haife ni, a Kibiya na yi aure, a nan kuma nake zaune da 'ya'yana tun rasuwar maigidana. Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli nake yi, da la'asar kuma ina koyar da matan aure a Islamiyyar unguwarmu. Ban ambaci sunan kamfaninku ba, don ba tozarta ku nake nema ba. Na kira lambarku ta ƙorafi, na taka har ofishinku, ban samu wanda ya saurare ni har ƙarshe ba. Shi ya sa na fito da maganar fili. Ba faɗa na zo yi ba, ƙarfin faɗan ma ba ni da shi. Gajiya ce kawai.

Marigayi maigidana, Malam Yusufa, mutumin Nijar ne, daga wani ƙauye a ƙasar Damagaram. Cin rani ya kawo shi Kibiya yana aikin lambu, ya ga wuri ya zauna. Da Allah ya karɓi ransa, wansa Malam Habu ya zo gaisuwa, ya nemi a ba shi babbar 'yarmu ya riƙe. Ban iya hana shi ba, jininsu ce. Ya kuwa riƙe ta da amana har ya aurar da ita a ƙauyen nasu. 'Yar fari ce, ba a bakina ya kamata a ji sunanta ba, amma tunda magana ta kai nan, Jummai ake ce mata. Abin da ya rage yana haɗa ni da ita shi ne layinku.

Na ɗaya: tsadar kiran.

Ina da ƙane a Legas. Idan na sa katin dubu ɗaya, ni da shi za mu yi hira har mu rasa abin faɗa, kuɗi kuma ya yi saura. Wannan katin dai, idan Damagaram na kira da shi, ko gaisuwa ba ya kaiwa. Ranka ya daɗe, Legas ta fi Damagaram nisa ba kaɗan ba. Direba yana tashi daga Kano da safe ya sha ruwan la'asar a Damagaram. Hausar da nake yi da su ita nake yi da maƙwabciyata. Amma a wurinku ƙasar waje ce, har ta fi ƙasashen da ban taɓa ganin mutanensu ba tsada.

Ku kuma kuna lissafi ne kamar kowa da wayarsa a hannu. Wayar da nake kira ta Malam Habu ce, ƙaramar waya mai madannai, ita ce ta gidan gaba ɗaya. Idan ya ɗauka sai na gaishe shi yadda ake gaida babba: lafiyar jiki, gajiya, gona, dabbobi, mutanen gida. Sai ya miƙa wa matarsa, ita ma a yi haka. Daga nan ne za a aika gidan mijin Jummai a kira ta. Ina tsaye ina jin kukan awakinsu da dakan matansu, kuɗina yana tafiya. Sau da yawa muryarta na isowa, ta ce “Inna,” sai matar nan taku ta na'ura ta shigo ta ce kuɗina ya ƙare. An ce mini in riƙa taƙaita gaisuwa. Wanda ya ba ni wannan shawara bai taɓa ba wani riƙon ɗansa ba.

Na biyu: katsewar layi.

Wata rana bara, Malam Habu yana ba ni labarin rasuwar limamin ƙauyensu, ya fara addu'a ke nan, layi ya ɗauke. Da sauran kuɗi a wayata. Na sake kira ya ƙi shiga, na fita tsakar gida, na je bakin titi, na ɗaga waya sama kamar mai shanya, shiru. Shi a can ya ɗauka ni na kashe masa waya yana tsakiyar addu'a. Bayan 'yan makonni wani mai fataucin albasa da ke zuwa kasuwar Rano ya kawo mini saƙonsa, wai idan gaisuwar tasu ta fara yi mini nauyi, in huta. Dattijo ne mai shekaru, bai san wani abu wai shi sabis ba. Abin da ya sani, ana magana da shi aka yi shiru. Sai da na aika masa goro da turare da ban haƙuri a kan laifin da ban yi ba.

Na uku, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa.

Jummai ta samu cikin fari. Bisa al'ada gida ya kamata ta zo ta haihu a gabana, in yi mata wankan jego. A lokacin hanyar iyaka ba ta biyuwa da daɗi, ga cikin ya zo mata da laulayi, sai aka ce ta zauna a can. Na haƙura, na riƙa ajiye kati saboda ranar.

Wata safiya cikin damina ina suyar ƙuli, sai ga filashin daga lambar Malam Habu. Su ba sa iya kira, a wurinsu ma tsadar ce, sai dai su taɓa in bi. Na kira, matarsa ta ɗauka. Na ji ta sarai ta ce, “Jummai ta sauka, an samu namiji.” Daga nan muryarta ta fara yankewa, kalma ta zo, biyu su ɓace, kamar mai magana da bakinta cikin tulu. Ina ta cewa alhamdulillahi, ita ma tana ta magana, ban san me take faɗa ba. Layi ya ɗauke.

Na fita na faɗa wa maƙwabta. Mata suka cika gidan suna barka. Ɗalibaina na Islamiyya suka haɗa sabulu da kayan jarirai. Na daka yajin jego da hannuna, na sayi turmin atamfa, na ware man gyaɗa mai kyau, na ɗaure komai ina jiran mai tafiya.

A kwanakin nan kullum sai na kira. Wani lokaci ba ya shiga. Wani lokaci wata mata ce take amsawa da Faransanci, ban san me take cewa ba, amma idan na duba sai in tarar an cire mini kuɗi kamar da mutum na yi magana. Su kuma suna ta yi mini filashin, ni ina ɗauka ɗokin murna ne.

Ranar kasuwar Rano na kai mai, na tsaya wurin mai sayar da kati na faɗa masa damuwata. Ya ce ai kuna da tsari na musamman na kiran ƙasashen waje, mai rahusa, har kuna tallarsa a rediyo. Ni ma na sha jin tallar, da Hausa ake yinta, ana cewa ka kira 'yan'uwanka a duk inda suke. Na ba shi naira dubu uku daga cinikin ranar ya saka mini. Na kira, aka ce ba ni da kuɗi. Ya karɓi wayar ya yi ta dannawa, can ya gano cewa ƙasashen da tsarin ya ƙunsa su Amurka ne da Indiya da Sin. Nijar ba ta ciki. Shi kansa bai sani ba, kunya ta kama shi. Kuɗin kuma ba sa dawowa. Ranka ya daɗe, wa nake da shi a Sin?

Ana gobe suna na samu kira ya shiga. Jummai ce da kanta ta ɗauka, ashe an bar wayar a wurinta saboda ni. Ban ko tsaya gaisuwa ba don tsoron katsewa. Na ce, “Barka da arziƙi! Ya ɗan baƙon? Wane suna za a sa masa?” Na ji shiru. Na saba da shirun layinku, sai na ɗauka shi ne, na ƙara ɗaga murya na ce, “Na ce ya jaririn? Yana kama nono?”

Ta ce, “Inna, ai ya koma tun ranar. An faɗa miki.”

An kuwa faɗa mini. Yana cikin maganar da matar Malam Habu take yi lokacin da muryarta ke yankewa. Yaron bai yini a duniya ba. Duk kwanakin da nake karɓar barka a Kibiya, ita tana kwance a can tana jiran uwarta ta kira ta yi mata gaisuwa. Filashin ɗin da suke yi, na wannan ne.

Na buɗe baki in ce Allah ya ba ki mai tsayawa, kuɗi ya ƙare. Ko wannan kalmar ban samu na faɗa mata ba a ranar. Na zauna a bakin murhu da waya a hannu. Daga baya na tashi na bi gidajen maƙwabta ɗaya bayan ɗaya ina warware labarin da na ba su, na mayar wa ɗalibaina kayan da suka haɗa.

Ban ce ku kuka kashe yaron ba. Kwanansa ne ya ƙare, na yarda da ƙaddara. Abin da nake cewa, na biya kuɗin magana cikakkiya, aka ba ni rabi, ragowar rabin kuma shi ne mai nauyin.

Na huɗu: yadda aka karɓe ni a ofishinku.

Bayan na ɗan dawo hayyacina na shiga motar Kano. Na bi layi, na samu wata budurwa mai fara'a, ba ta wulaƙanta ni ba, wannan zan faɗa don Allah. Ta duba na'urarta ta ce a wurinsu duk kiran da na yi ya shiga lafiya. Na tambaye ta kuɗin da ake cirewa idan matar Faransanci ta amsa, ta ce wannan daga ɓangaren kamfanin can ne. Sai ta ba ni shawara in sayi babbar waya in riƙa kira da data, ya fi sauƙi. Na ce mata ko na saya, wa zan kira? A ƙauyen su Jummai babbar waya sai wurin samarin da ke zuwa birni, sabis ɗin data kuma sai an fita bayan gari. Mai jego ce za ta fita bayan gari, ko tsoho mai sanda? A nan Kibiya ma akwai unguwannin da datar take zuwa ta tafi yadda ta ga dama. Ta ce za a duba, za a kira ni. Damina ta wuce, an yi girbi, an shiga wata shekara, ba a kira ba.

Bayan kaka na sayar da tunkiyata na je da kaina. Na tarar da Jummai ta rame, amma ta miƙe. Ba ta riƙe ni a zuciya ba, ko kuwa ta ɓoye. Malam Habu ya karɓe ni da mutunci, sai dai har na taho bai daina ce mini “mutanen Nijeriya” ba, kalmar da da can ba ya faɗa mini.

Kada ka ɗauka ni kaɗai ce. A Rano da Kibiya akwai matan da aka auro daga Maraɗi, akwai Fulanin da 'ya'yansu suka bi shanu har Kamaru da Chadi, akwai masu lambu da abokan cinikinsu ke ƙetaren iyaka. Ka tsaya wurin masu kati ranar kasuwa, za ka gan su suna magana da sauri kamar ana korar su.

Abin da nake roƙo:

1. Ku fitar da tsari mai rahusa na kiran maƙwabtan ƙasashe, Nijar da Chadi da Kamaru, wanda zai yi aiki a ƙaramar waya, ba sai da data ba. Idan sai kun zauna da kamfanonin can, ku zauna. Ku kuka san juna.

2. Idan za ku yi talla da Hausa, ku faɗi sunayen ƙasashen da tsarin ya ƙunsa da Hausa, ku kuma sanar da masu sayar muku da kati.

3. Ku daina cire kuɗi a kan kiran da ba mutum ne ya ɗauka ba.

4. Kafin kuɗi ya ƙare a yi wa mai kira gargaɗi da ɗan sauran lokaci, ko sallama ya samu ya yi.

5. Ku turo ma'aikatanku su duba sabis ɗin Kibiya da ƙauyukan Rano da ƙafarsu, ba a na'ura daga Kano ba.

Dubu ukun nan ban ce ku dawo da su ba, na bar muku.

Jummai tana da wani cikin yanzu, ana sa ran saukarta wajen shigowar ruwa. Sun ce wannan karon ma a can za ta haihu. Na fara ajiye kati. Ba na roƙonku labari mai daɗi, wannan na wurin Allah ne, shi nake roƙo. Ku abin da nake nema a wurinku, duk abin da za a faɗa mini ranar, in ji shi har ƙarshe, ita ma ta ji amsata.

Allah ya ba ka ikon gyarawa, ya yi maka jagora a aikinka, ya raya maka zuriya, ya sa kada ka taɓa jin labarin ɗanka guntu-guntu. Amin.

Wassalam.

Sa'adatu, matar marigayi Malam Yusufa,
Kibiya, Jihar Kano.