Mun Hana Hajiya Maimuna Taɓa Gawar 'Yarta

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Mahalicci, Ƙungiyar Haɗin Kan Ma'aikatan Lafiyar Al'umma ta Keffi da Kewaye take sanar da mambobinta, da iyalan Alhaji Mahfuz Lawal na Tudun Ƙofa, da jama'a baki ɗaya, cewa ta samu labarin rasuwar 'yar'uwarmu, babbar ungozoma kuma Shugabar Kwamitin Horarwa na ƙungiyar, Hajiya Rahamatu Mahfuz, ranar Talata, sakamakon zazzaɓin Lasa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayiya ta yi shekara goma sha tara tana aiki a wani ƙaramin asibiti a yankin Panda, tana karɓar haihuwa, tana bin ƙauyuka da rugage a kan babur da akwatin rigakafi. A ƙungiyance kuwa, ita ta yi ta sintiri ofis-ofis har aka wadata mambobinmu da safar hannu da takunkumi, kuma duk wanda ta kama yana allura da hannu tsirara, a gaban kowa take wanke shi tas. Da yawanmu mun sha yin fushi da ita. Amma ranar da aka kawo mata wata mai naƙuda tana zubar da jini, kan jariri ya riga ya fito tun a bakin ƙofa, Rahamatu ba ta tsaya neman kayan kariya ba. Jaririyar tana raye. Uwar ta rasu, kuma daga wurinta cutar ta kama 'yar'uwarmu.

Akwai abin da ba za mu ɓoye ba. Gawar mai wannan cuta tana yaɗa ta, don haka, bisa shawarar malamai, mambobinmu huɗu ne suka yi mata sutura cikin kayan kariya, aka sallace ta daga nesa. Ni mai sa hannu a wannan takarda, ni na tsaya a bakin ɗakin da gawar take na tare mahaifiyarta, Hajiya Maimuna, wadda na ci tuwon hannunta ba adadi, tana roƙona in bar ta ko goshin 'yarta ta shafa, na ƙi. Wallahi tun da na fara aiki ban yi abin da ya fi wannan ciwo ba. Mama, ba mu ce kada ki yi fushi ba, muna dai roƙon ki yafe mana.

Ƙungiya tana addu'ar Allah Ya jiƙanta, Ya karɓi shahadarta, Ya bai wa maigidanta Alhaji Mahfuz, da mahaifiyarta, da 'ya'yanta uku juriyar wannan babban rashi.

A ƙarshe muna da roƙo ɗaya. Kafin a gano cutar, mutum takwas ne suka yi jinyar marigayiya a gida, ana zaton zazzaɓin cizon sauro ne, kuma dole a riƙa auna zafin jikinsu kullum har kwana ashirin da ɗaya, domin idan aka tari cutar da wuri ana warkewa. Bakwai suna zuwa. Ta takwas, wadda ba za mu ambaci sunanta ba, ta rantse ba za ta sake kallon fuskarmu ba saboda abin da ya faru ranar jana'iza, kuma yau kwana shida ba wanda ya duba ta. 'Yar'uwa, idan ganina ne ba kya so, zan kauce, wata ta auna ki. Ki zage mu son ranki, amma ki zo gobe da safe. Don girman Allah, kada ki sa mu sake tare Mama a bakin ƙofa, wannan karon a kan gawarki.

Sa hannu:
Madam Anjelina Gamaliel
Kakakin Ƙungiya