Inna Ta Ce Giwa Kake Jira

Zuwa ga yayana Sanusi mai hoto, a duk inda kake.

Assalamu alaikum. Gaisuwa ta girmamawa daga ƙanwarka Zulai, tare da ta Inna da ta matarka Hadiza. A ƙa'ida nan ne ya kamata in ce ina fata kana lafiya kamar yadda muke. To, ban san ko kana raye ba, mu kuma ba lafiya muke ba. Na sa wasiƙar a shafin intanet da kake zuba hotunanka, don shi kaɗai ne adireshin da ka bar mana.

Ga abin da ke tafe da ni. Hadiza ta jira iyakar shekarun da shari'a ta ɗora wa matar wanda ya ɓata. Alƙali ya yanke hukunci, ranar Juma'a za ta shiga takaba. Iyayenta sun zo daga Tibiri, kawunnanmu sun sa ranar sadaka. Inna ce ta ƙi. Ta ce ba mai shimfiɗa tabarmar gaisuwa a gidanta.

Ka san kai ka jawo mana wannan taurin kan nata.

Tun kana tuƙa annasara 'yan yawon buɗe ido a katkat, motar shiga daji, zuwa kallon raƙuman dawa abin ya shige ka. Suna danna kyamara ba ji ba gani, kai kana bayan sitiyari kana lura da inda suke ɓata hoton. Da ka samu taka, bangon ɗakin Inna ya cika da barewa da jimina da birai. Kawu Idi ya yi ta faɗa wai mala'iku ba za su shiga ba. Inna ta ba shi fura ya sha, ba ta cire ko ɗaya ba.

Da hanyoyi suka lalace, baƙi suka daina zuwa, ka koma shago a Sabon Gari kana ɗaukar amare da hoton katin ɗan ƙasa. Ba ka taɓa son aikin ba. Kullum ka dawo sai ka ce, "Barewa dai ba ta taɓa ce mani in goge mata ƙuraje ba."

Ni na fi kowa yi maka ba'a. Na ce ƙato da kai, ka kwanta a ciyawa kana gadin tsuntsu, wai sana'a. Shi ya sa ka ɗauke ni a moto, babur ɗin nan naka, zuwa Jiratawa in gani da idona. Ka hana ni shafa turare. Muna isa ka ɗebi ƙasa ka sake ta don ka ga inda iska ta nufa, sannan ka kwantar da ni a bakin magudanar ruwa, bayan gonar zogale. Tururuwa ta cije ni, ƙafata ta mutu, na motsa ka harare ni. Rana ta take sosai kafin gauraka biyu su sauko. Sau ɗaya ka danna. A hanyar gida ka ce, "Dabba ba a bin ta, Zulai. Zamnawa aka yi har ta mance da kai." Na ce Allah ya raba ni da wannan wahala, ka yi ta dariya har moto yana tangaɗi.

Giwa ce kawai ba ka samu ba. Baba, Allah ya jiƙan shi, ya cika maka kai da labarin yadda suke ratsa dajin Baban Rafi da ƙuruciyarsa. Sai wani mai itace ya shigo shagonka ya ce ya ga sawunta can ciki.

Kowa ya gaya maka su wa ke zaune a dajin nan yanzu. Na ce maka mutumin da ya kwanta a ciyawa da dogon gilashi yana saiti, ba wanda zai yarda dabba yake nema. Masu bindiga za su ce ɗan leƙen asiri ne, masu farautarsu ma haka za su ce. Ka naɗe kyamarar a tsohon zanen Hadiza, ka ɗaure a bayan moto, ka ce a ajiye maka tuwo.

Ba wanda ya kira mu. Yaya, har hassada muka yi wa gidajen da aka kira aka ce su kawo fansa, don su sun ji muryar nasu. Jandarma sun rubuta abin da muka faɗa. Ba moto, ba takalmi, ba gawa. Mutane sun rasa yadda za su gaishe mu, sai su tsaya a ƙofa su ce ya haƙuri, su wuce da sauri. Ina jin haushinka, ba zan ɓoye ba. Ka bar mace ba miji ba takaba, ka bar tsohuwa tana zabura duk moton da ya tsaya a layi, duk don hoton dabbar da ba ta san kana yi ba.

Inna tana riƙe da wancan karon da ka yi arewa wajen ramin kura, ka daɗe ba saƙo, har muka fara kuka, sai ga ka a rame da hoton 'ya'yanta. Duk wanda ya zo mata da maganar mutuwa, amsarta ɗaya ce: "Kun san halin mai hoton nan. Giwa shika jira."

Yau da la'asar ta kira ni ɗakinta. Ta ce, "Ke kin bi shi, kin ga zamanshi da idonki. Hwaɗa mani tsakaninki da Allah, mai jiran giwa shina kai shekaru haka? In kin ce shina kai, ba tabarma. In kin ce a'a, ni da kaina zan shimfiɗa ta."

Ka ga inda ka ajiye ni. In na ce mata i, Hadiza za ta yi takaba ita kaɗai a gidan da ya ƙi yarda an yi rashi, Inna kuma ta ƙare kwananta tana kallon ƙofa. In na ce a'a, da bakina na kashe ka a gaban wadda ta haife ka. Na roƙe ta ta bar ni zuwa gobe.

Na san haƙurinka, ɗan'uwana. Amma na san ɗayan halin ma. Ba ka iya kwana da hoto mai kyau ba ka nuna wa Inna ba, ko tana kan dardumar salla sai ka tsaya a kanta. Da ka samu giwar, da tuni ka shigo da gudu. Da ba ka same ta ba, da ka aiko a kai maka batir.

Gobe zan ce mata a'a. Na fara faɗa a nan ne don bakina ya saba kafin in shiga ɗakinta.

Allah ya jiƙan ka, Yaya Sanusi. Allah ya sa ba ka sha wuya ba, ya sa akwai wanda ya rufe ka, ya fuskantar da kai gabas. Allah ya yafe maka, ya ba Inna da Hadiza ƙarfin ranar Juma'a. In kuwa kana raye, ka shigo ana tsakiyar zaman makokin ka ƙaryata ni a gaban kowa. Wallahi zan fi kowa murna.

Taka ƙanwa,
Zulai, daga Maraɗi.