Gaɓar da Kogi Ya Rufe Ranar Awo

Zuwa ga Mai Girma Jami'in Rajistar Filaye na yankinmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka.

Ni ne Usmanu ɗan Malam Bello, manomi a wani ƙauyen Hausawa kudu da garin Sinja a ƙasar Sudan. Mahaifinmu ya yada zango nan a hanyar hajji, ya sare daji ya yi gona, ya rasu bai taɓa riƙe takardarta ba. Na rubuto a fili ne domin alherinka a fili ka yi shi.

Na farko, godiya. Da aka ce za a zo awon gonaki bara, ba mu yi murna ba. Mun saba a tambaye mu jinsiyya, takardar zama ɗan ƙasa, kafin a tambayi sunanmu. Kai kuwa ka sauka daga mota ka bi taɓo da ƙafa. Ka zaunar da Umda, wato dagacinmu, da dattawa, ka ce kowa ya nuna iyakarsa a gaban maƙwabcinsa. Da wani attajiri ya ce mu baƙi ne, baƙo kuwa ba ya mallakar ƙasa, sai ka tambaye shi wa ya tone kututturan wurin. Ragon da muka kai maka ma ka mayar, ka ce a yanka wa masu jan sarƙar awo da mutanen gari su ci tare. Yau takardar gonata na hannuna, kuma tun da na karɓe ta nake barci da daɗi.

Na biyu, kuka. Kun zo ne kogi na cike. A ƙasan gonarmu akwai gaɓar da muke kira jaraf, wadda ruwa ke rufewa da damina, in ya janye a shuka. A rabon gado ita ce ta faɗa wa yayata Hauwa. Mijinta ya rasu, da albasa da kuɓewar wurin take ciyar da marayunta. Ranar awo gaɓar na ƙarƙashin ruwa, ba ta shiga rajista ba. Ba na zargin kowa, ba a auna abin da ido bai gani ba.

Na uku, attajirin nan ya kafa turumba, wato injin ban-ruwa, kusa da mu, yaransa kuma sun kafa turaku a jaraf ɗin, suna cewa filin da ba shi da takarda na hukuma ne, su za a ba. Hauwa ta je ofishinku, aka karɓe ta da mutunci, aka ba ta ruwa ta sha, aka ce ta jira zagaye na gaba. Ba wanda ya san lokacinsa.

Roƙona shi ne ka turo mai awo yanzu da ruwa ya janye, ka sa a cire turakun har a ji shaidu. Dattawan da suka ga mahaifinmu yana noman wurin suna raye, amma sun tsufa. Irin albasar Hauwa ya isa dashe, kullum da safe sai ta je ta tsaya a bakin gaɓar ta komo. Na ce mata ta ci gaba da ba irin ruwa, domin na san mutumin da na rubuta wa.

Allah ya ƙara maka girma, ya kare ka daga masu son karkatar da kai, ya jiƙan magabatanka.

Wassalam.
Usmanu ɗan Malam Bello