Obin ɗin Hajiya da Fayil ɗin Dakta Safiyatu

Daga: Alhaji Lukmanu Bawa Rijau,
Tsohon Babban Jami'in Rajista, mai ritaya,
Unguwar Dagiri, Gwagwalada.

Zuwa ga: Mai girma Babban Darakta,
Cibiyar Nazarin Batir da Ƙere-ƙere,
Idu, Abuja.

Litinin, 19 ga Mayu, 2025.

GAME DA: LALACEWAR OBIN ƊIN SASHEN SINADARAN BATIR DA ABIN DA YA JAWO WA GIDANA

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina neman izinin gabatar da wannan ƙorafi. Ni ba ma'aikacinka ba ne. Ni ne mahaifin ma'aikaciyarka, Dakta Safiyatu Lukmanu ta Sashen Sinadaran Batir, wadda ta shekara tara a cibiyar nan. Na rubuta da Hausa saboda an tabbatar mini kana ji, kuma Turancin da na yi na shekara talatin da biyar a rajistar ma'aikatu ya ishe ni.

1. Iyakar abin da na fahimta daga bayaninta, aikin Dakta shi ne ta wanke ɓawon gyaɗa, ta busar da shi, ta niƙa, ta ƙona shi ya zama wani irin gawayi, sannan ta sa shi cikin batirin da ke aiki da sinadarin gishiri. Ranar da ta fara gaya mini haka na tuna shekarun da muka yi muna kai ta makaranta tun da asuba, ashe ƙarshen abin ɓawon gyaɗa ne. Daga baya ta nuna mini wani batir kamar maɓallin riga, ya kunna fitila a gabana. Tun daga ranar ban sake raina ɓawon gyaɗa ba.

2. Ranar Litinin, 11 ga Maris, 2024, obin ɗin da ake busar da ɓawon a ɗakin bincikenta ya daina aiki. Ranar 13 ga wata ta rubuta takardar neman gyara. Takardar ta isa Sashen Ayyuka ranar 2 ga Afrilu, ta isa Sashen Saye-saye ranar 20 ga Yuni. Ranar 9 ga Satumba wani jami'i ya rubuta a gefenta cewa obin kayan girki ne, don haka a miƙa batun ga Kwamitin Kantin. An shaida mini Kwamitin Kantin bai sake zama ba tun da mai abincin ta koma garinsu. A shafin ƙarshe akwai haruffan K.I.V., waɗanda ma'anarsu a takarda ita ce a sa ido. Ranka ya daɗe, ni ma na sha rubuta haruffan nan a zamanina, Allah Ya yafe mana, kuma ban tuna fayil ɗaya da idon ya sake komawa kansa ba. Ina roƙo kada a binciki wanda ya nuna mini fayil ɗin. Babu rajista a Abuja da ba za a samu wanda na koya wa ɗaure fayil ba.

3. Ranar Asabar, 4 ga Mayu, 2024, wani manomi daga Paikon Kore mai suna Malam Silas ya tsaya a ƙofar gidana da buhu shida a cikin a-kori-kura. Na zaci gyaɗa ce, har na fara sa masa albarka. Ya ce a'a Baba, ɓawo ne, Dakta ta ce a sauke a nan. Mutumin kirki ne ƙwarai, kuma daga ranar zuwa yau ya zo sau goma sha ɗaya. Dakta da maigidanta suna zaune ne a bene a Kubuwa, babu tsakar gida, shi ya sa ta zaɓi gidana. Yanzu barandar da nake shan iska ta zama sito, turmin gidan ya zama na gwaji, obin ɗin mahaifiyarta Hajiya Maimunat kuwa yana busar da ɓawo duk Asabar da Lahadi. Cibiyarku ta ce obin ɗin bincike kayan kicin ne, sai ga shi kicin ɗina ya zama ɗakin bincike, ba tare da wata takarda ta biyo ta hannuna ba.

4. A ƙaramar Sallar bana Hajiya ta gasa kek kamar yadda ta saba. Duk wanda ya ci sai ya tambaye ta ko ta sa gyaɗa. Ba ta sa ba. Surukarmu ma har ta nemi a koya mata. Hajiya ta yi kwana biyu ba ta yi wa 'yarta magana ba, ni ma fushin ya shafe ni, alhali babu hannuna a ciki. Ban da haka, mutanen unguwa sun ji an ce 'yata likitar batir ce. Zuwa yau an kawo mini batirin mota uku, na babur biyar, da wayoyi da ban ƙirga ba, wai in ba ta ta duba. Na gaji da bayani a ƙofar masallaci.

5. Duk waɗannan zan iya haƙuri da su. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, zafin obin ɗin gida ba ya tsayawa wuri ɗaya, yau ya hau gobe ya sauka. Maƙalu biyu Dakta ta aika wa mujallun masana, duka aka dawo mata da su. Ɗaya daga cikin masu dubawa ya nemi ta faɗi sunan na'urar da ta yi busarwa da lambarta. Ba za ta iya rubuta obin ɗin Hajiya ba. Ranar 12 ga Fabrairu, 2025, kwamitin ƙarin girma ya zauna ya tsallake sunanta, bisa dalilin cewa maƙalunta sun gaza da biyu. Ina sanar da ranka ya daɗe cikin ladabi cewa sa hannun da ke ƙasan wannan hukunci, shi ne sa hannun da ke ƙasan haruffa ukun da na ambata. A Asabar ɗin makon ta zo kamar kullum, ta gaishe mu, ta shiga kicin ta jera tirenta. Ta daɗe a tsaye gaban obin ɗin ba ta kunna ba. Yarinyar nan tun tana firamare ba ta kuka a gaban mutane, don haka na fita baranda na ba ta wuri.

6. Ranar 28 ga Afrilu wata jami'a a Koriya ta Kudu ta aiko mata da takardar ɗaukar aiki na shekara biyar, har da wurin maigidanta da 'ya'yansu biyu. Ana jiran amsarta kafin 30 ga Yuni. Ta kawo mini takardar, ta durƙusa ta ce ba za ta amsa ba sai da izinina, kuma ita ta fi son ta ga batirin nan an ƙera shi a Idu da ɓawon Paikon Kore. Na ce ta ba ni lokaci zan yi istihara. Na yi, ranka ya daɗe, kuma washegari na zauna na fara rubuta wannan takarda.

Saboda haka nake roƙon mai girma Babban Darakta, na farko, ya sa a ɗauko fayil ɗin daga hannun Kwamitin Kantin a mayar da shi inda ya dace, a gyara obin ɗin kafin ƙarshen watan Yuni. Na biyu, ya sa a sake duba batun ƙarin girmanta, a yi la'akari da wata goma sha huɗu da ta yi ba kayan aiki. Na uku, kada a sanar da ita cewa na rubuto, domin ta gado fushin mahaifiyarta.

Ba zan ɓoye wa ranka ya daɗe ba, na san abin da nake roƙo. Idan an gyara obin ɗin, Dakta za ta koma kwana a kan aikinta, zuwan Asabar zai ragu, jikokina da take zuwa da su ma sai dai Sallah-Sallah. A shekarar nan ta ɓawon gyaɗa na gan su fiye da shekaru biyar da suka gabace ta. Duk da haka a gyara. Shekaruna saba'in da uku, gwiwoyina ba sa son jirgi, amma har yanzu suna iya kai ni Idu.

Ina neman afuwa idan na tsawaita ko na wuce iyaka. Allah Ya taya ka riƙo, Ya sa ka gama lafiya.

Naka cikin ladabi da biyayya,

Alhaji Lukmanu Bawa Rijau