Wasan da Zai Jira Baba

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin ta jini ɗaya, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa nisan da neman halal ya kai ka ya zame mana alheri baki ɗaya. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Maigidana an mayar da shi reshen ma'aikatarsu da ke kusa da gida, yanzu a ƙafa yake zuwa aiki, tumbin ma ya fara ja da baya. Goggo ta zo ta yi mana kwana huɗu, ta sake wa kowane kwano wuri a kicin, har yau ina neman matacin shayi. Kada ka yi mamakin ganin dogon rubutu daga wurina. Sau uku ina ɗaukar maka saƙon murya ina gogewa, don in na fara magana gudu nake yi, kai kuma sai ka mayar da abin wasa, ni kuwa yau ba ni da bakin dariya.

Maganar Baba ce. Rabonsa da taɓa na'urar wasan da ka aiko masa da son ransa yau kwana goma sha tara, kuma ni ce sila. Bari in faro maka daga tushe, don a waya rabin labari kake samu. Ka san yadda shanyewar ɓarin jikin ta bar shi: hannun dama ya yi nauyi, magana kuma sai ta tsaya masa a hanya, ya san abin da zai faɗa amma kalmar ba ta zuwa da wuri. Malamar gashi, wadda ke motsa masa hannu a asibiti, ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya jefa ta ƙarƙashin gado ya ce shi ba kyanwa ba ne. Da na'urarka ta iso ma na ce a raina Auta ya yi aikin banza, ina mutum mai shekara saba'in da ɗaya ina wasan bidiyo. Ashe ni ce ban san komai ba. A sati na biyu da kansa yake jan kujerarsa gaban talabijin bayan karin kumallo, ya ɗora rimot ɗin wasan a kan matashi bisa cinyarsa, ya sa tabarau.

Kai ka zaɓi wasan, amma na san ba ka zauna ka ga yadda yake yin sa ba. Matafiyin da yake sarrafawa yana farawa ne a wani ƙauye na bakin ruwa, kuma abin da ake so shi ne ya karɓi takobi, ya haye gada, ya shiga duniya. Baba bai haye ba. Mutumin da ya yi shekara talatin da biyu a maɗaba'a yana duba kurakuran rubutu kafin a buga littafi, yaya za a yi ya tsallake layi? Duk abin da mutanen ƙauyen suka faɗa sai ya karanta sau biyu, har ya samu littafin rubutu yana tara kurakuransu da hannun hagu, ya kama musu ashirin da shida. A can ƙarshen ƙauyen akwai wani tsoho mai gyaran raga. In ka zauna kusa da shi yakan ba ka ragar ka taya shi, ana yin hakan ne da juya ƙaramin madannin nan na dama da babban yatsa, a hankali, zagaye bayan zagaye. Kowace raga aka gama sai tsohon ya ƙara ɗan labarin rayuwarsa, ya yi tambaya, ya jira amsa. Sati shida Baba yana wurin tsohon nan. Malamar gashi ba ta san dalili ba, ta dai ce yatsan ya fara lanƙwasuwa, ranar da ya ɓalle maɓallin rigarsa da kansa kuwa ban ɗaki na shiga na yi kukana.

Sai ranar da ka kira mu ta bidiyo, ka hango talabijin a bayansa, ka yi dariya ka ce har yanzu Baba yana ƙauyen farko, ai wurin nan na awa ɗaya ne. Ba na ɗora maka laifi, raha ka yi, shi ma murmushi ya yi. Ni ce maganar ta tsaya wa a rai. Ka san aikina, wuni nake a ofishin aika kaya, waya a kunne, ido a agogo, in kaya ya kwana biyu wuri ɗaya to ya maƙale ne, sai an bi sawunsa. Da wannan idon na dubi mahaifinmu. Na ce gadar ce ta gagare shi, akwai wani dodo da ke tsaronta, hannunsa ba zai iya faɗan ba, kunya ce ta hana shi neman taimako. Ranar Asabar da rana maigidana ya kai Baba asibiti, ni kuma na zauna a kujerarsa na ɗauki rimot. A karo na huɗu na kashe dodon, na haye da matafiyin, har ina tafa wa kaina ni kaɗai a falo. Ina hayewa sai wasan ya nuna ambaliya ta taso ta tafi da gadar, ta shafe ƙauyen. Sai wata 'yar alama ta juya a kusurwa, wato wasan ya adana inda aka kai da kansa, ya goge na Baba, kuma wurin adanawar guda ɗaya ne tak.

Garin neman gira na rasa ido, Auta. Da ya dawo na tarye shi da fara'a na ce na yi masa abin mamaki. Ya zauna, ya juya matafiyin baya, ya kai shi bakin ruwa inda gadar take a da. Ya daɗe yana kallon ruwan. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya buɗe baki ya ce tsohon, sai maganar ta tsaya, ni kuwa uwar azarɓaɓi na yi caraf na ce ai akwai wasu mutanen a gaba, har da birni. Ya ɗaga min hannun hagu alamar in yi shiru. Sai da ya ɗauki lokaci yana kokawa da harshensa, sannan ya faɗa min, kalma ɗaya bayan ɗaya, cewa tun da ya kwanta ciwo, a duk gidan nan tsohon nan ne kaɗai ba ya ƙarasa masa magana. Ya ce ko zai yi rabin awa bai amsa ba, in ya ɗago zai tarar da shi yana jira. Daga nan ya miƙo min rimot ɗin, ya ce in kai shi ɗaki.

Na rasa inda zan sa kaina, domin gaskiya ya faɗa. Ni nake ƙarasa masa magana, in ya ce ru, na riga na kawo ruwa. Goggo ihu take yi masa kamar kurma. Abokansa na maɗaba'a in sun zo sai su yi hirarsu a kansa, su dafa kafaɗarsa su tafi. Duk muna ganin tausayi ne. Na sake faro wasan daga farko, na kai matafiyin wurin tsohon, na turo kujerar Baba na nuna masa. Tsohon ya gaishe shi gaisuwar baƙo, ya tambaye shi sunansa. Baba ya kawar da kai wajen taga. Ya ce ba shi da ƙarfin sake gabatar da kansa ga kowa.

Ban daddara ba. Ranar Litinin da na tashi aiki na biya shagon wasannin da ke bayan tashar mota, wanda ke tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da labule. Mai shagon dattijo ne mai haƙuri, na ce masa ina son wasa na mutum ɗaya, mai labari, na wanda ba ya sauri. Ya ce in kwantar da hankalina, yana da wanda ake saita shi a mataki mai sauƙi, ko an doke ka ba ka mutuwa. Na karɓa da murna, ban san sauƙi daban ba ne, jinkiri daban. Sai da na yi kwana biyu ina lallashi kafin Baba ya yarda ya riƙe rimot. Wata mata a wasan ta yi masa tambaya, amsoshi uku suka fito da ƙananan haruffa, a ƙarƙashinsu kuma wani jan layi yana ƙanƙancewa. Yana tsakiyar karanta amsa ta biyu layin ya ƙare, matafiyin ya buɗe baki ya amsa da kansa. A gaban idona, Auta, na'ura ma ta ƙarasa masa magana. Na yi gudun gara na faɗa gidan zago. Tun daga ranar ko falon ba ya son zama.

Ga abin da ya fi tayar min da hankali. Jiya malamar gashi ta riƙe hannunsa ta murza yatsun, sai ta ja ni gefe ta tambaye ni me muka daina yi a gida. Ta ce babban yatsan ya koma kusan inda yake wata biyu da suka wuce, sauran kuma sun fara dunƙulewa cikin tafin hannu. Ta ce irin wannan in ya sandare ba lallai ya sake buɗewa ba, kuma ba watanni take magana ba, makonni. Na dawo da ƙwallon roba, na sayo masa maɓallai da zare, na roƙe shi da girman Allah, sai ya kalle ni kawai. Hannun yana nan a cinyarsa a dunƙule. Da safe in ina goge masa tafin da tsumma sai na sa ƙarfi kafin yatsun su buɗe, kuma kowace rana ƙarfin da nake sawa ƙaruwa yake yi.

Don Allah, don darajar Inna da ke kabari, ka nemo masa wasa. Kai ka san duniyar nan, ni sau biyu ina taɓawa ina ɓatawa. Kada ka bi abin da aka rubuta a bayan kwali, kada ka bi yabon abokanka masu yatsu kamar walƙiya. Ka zauna da kanka ka gwada, kuma ga gwajin da nake so ka yi: in wani ya yi maka tambaya a wasan, ka ajiye rimot, ka je ka haɗa shayi ka shanye, ka dawo. In ka tarar yana nan yana jiranka, to an fara hanya. In akwai faɗa, ya zama irin na bi-da-bi, ka yi naka motsin, abokin gaba ya yi nasa, babu mai kora. Rubutun ya zama manya, don tabarau ɗinsa sun gaji. Ya zama nasa shi kaɗai, ba na shiga intanet ba inda wani zai riƙa yi masa tsiya don ya tsaya. Ya kasance ana iya adanawa a wurare da yawa, saboda irina. Sannan wanda ya fi komai, kuma ban san yadda ake tambayarsa a shago ba, ya zama akwai wani a ciki da ake zama da shi, ana ɗan aikin hannu tare, kuma in mutum ya tafi yana iya dawowa ya same shi. Ka buga shi har ka tabbatar ba a rushe garin farko. Ko bai zama mai kyan hoto ba, ko tsohon yayi ne, ba komai. In ka samu kada ka bari sai an samu mai zuwa gida, ka turo ta hanyar da ta fi sauri, ni zan bi sawunsa, wannan kam na iya. Kuma kai za ka gabatar masa ta bidiyo, don duk abin da ya fito daga hannuna yanzu ba ya kallo.

Ka gaishe min da Malama matarka, ka ce na gode da maganin shafawar da ta aiko. Ka shafa min kan mai sunan Inna, ka ce mata na ga hoton haƙoran da suka fita. Ka gaida Kawu in kun haɗu, amma kada ka ba shi labarin nan, ka san bakinsa. Maigidana yana gaishe ka, Goggo ma ta bar maka gaisuwa da ƙorafin ba ka kiranta.

Saura saƙon Baba. Ɗazu da la'asar na shiga ɗakinsa na ce ina rubuta maka takarda, ko yana da abin faɗa. Ya gyaɗa kai, ya ce in gaya wa Auta cewa shi, sai maganar ta tsaya. Wallahi amsoshi sun fi biyar a bakina. Na zauna a bakin gado, na danne hannuwana ƙarƙashin cinyata, na cije leɓe. Wayar ofis ta yi ta ƙara a jaka, tukunya ta kama a kicin ina jin ƙaurinta, ban motsa ba. Leɓensa yana rawa, idonsa a kaina, yana duba ko zan yi halin nawa. Mun fi minti ashirin a haka, har gajiya ta rinjaye shi ya rufe ido. Ban san abin da ya so ya ce maka ba, kuma ba zan ƙirƙira ba. Saƙon ke nan yadda ya ba ni: a gaya wa Auta cewa shi. In ka kira ranar Lahadi ka tambaye shi sauran, kuma ka jira.

Wassalam. Taka har kullum,

Yayarka